Babba ma yana iya koyon rawar bale

A garin Tama, cikin gundumar Buza ta jahar Tawa, idan magidanci mai shekara 35 ya ce yana son ya koyi rawa, dariya za a yi masa, wani ma ya tambaye shi ko lafiya. A ganin jama'a rawa ta samari ce da ƴan mata, wanda ya yi aure sai ya koma gefen dandali ya yi kallo. Wannan ra'ayi ya kamata a sake duba shi, kuma da gaggawa.

Kalmar bale daga Faransanci ta shigo, ma'anarta kuwa biyu ce. Akwai ta Turawa, wadda sarkin Faransa Luwi na 14 ya kafa wa makaranta a Paris a 1661, inda mata ke tsayawa bisa kan yatsun ƙafa. Mai son ya ci abinci da ita tun yana yaro ake lanƙwasa shi. Shahararren ɗan rawar nan Rudolf Nureyev da ya shiga makarantar Leningrad a 1955 yana da shekara 17, cewa aka yi ya makara. Wannan ba ita ce damuwar Tama ba.

Ta biyun ita ce wadda Nijar ta sani, wato a ɗauko rawar gargajiya daga dandali, a tsara ta, a ba ta labari, a kai ta gaban jama'a. Keita Fodeba na ƙasar Gine ne ya buɗe wannan hanya da ƙungiyarsa. A nan gida kuwa, samariya ce ta riƙe ta zamanin Shugaba Seyni Kunce, tun daga bikin matasa na ƙasa na farko da aka yi a Damagaram a 1976. Ana fara gasa daga ƙauyuka, a je gunduma, a je jaha, sannan gwanaye su kara a gaban ƙasa baki ɗaya. Bayan taron ƙasa na 1991 samariya ta ja da baya. Saurayin da ya taka rawa a 1976 yana da shekara 20, yau ya kai saba'in ko yana dab da ita. Takun yana cikin ƙafarsa, ba ya cikin littafi, ranar da ya kwanta dama da shi za a binne.

To, wa zai karɓa? Ana cewa samari. Amma kowa ya san cewa a Adar da an gama girbi samari sun ɗauki hanyar bida, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Waɗanda ke kwana a gari rani da damina su ne magidanta da matan aure, su kuma aka ce rawa ba ta kamace su ba.

Masu wannan magana sun manta da gangar noma, wadda ƙarti masu iyali ke tashi dominta ranar gayya, da kalangun mahauta, da takkai da manya ke yi da sanduna ba mai cewa sun zubar da girma. Hujjar tsufan jiki ma ba ta da ƙarfi. Matar da ke lugude, tana wurga taɓarya sama ta tafa ta cafe ba tare da ta ɓata kiɗan turmi ba, ta riga ta mallaki rabin abin da malamin rawa ke wahalar koyarwa. Matan Keita da suka yi dakon duwatsu a aikin raya karkara da aka fara a 1984 ba za a yi musu gorin ƙarfin ƙugu ba. Germaine Acogny ta Senegal, wadda aka haifa a 1944, ta haura saba'in tana rawa a manyan dandamalin duniya. Abin da ke ɗaure babba kunya ce, ita kuwa tana da magani: mata su koya tsakaninsu cikin gida, maza su nemi nasu fili.

Sai dai babba ba yaro ba ne, a nan kuma akwai abin aro daga Turawa, domin su ba sa fara darasi da tsalle. A fara da ɗumama jiki na minti 15, a dafa bango ana lanƙwasa gwiwa sannu a hankali, sannan a bi kiɗa da tafiya kawai har ƙafa ta saba. Sau biyu a mako ya fi yini guda cur. Rairayi ya fi daɓen siminti sauƙi ga gwiwa, kuma wanda ya ji ciwo a gaɓa ya dakata, kada ya ce zai nuna jarumtaka.

Abin da ya rage a wuyan magajin garin Tama da takwarorinsa na Buza da Madawa da Keita bai taka kara ya karya ba: su nemo tsofaffin ƴan samariya da makaɗansu tun suna iya miƙewa, su ba su ɗan abin goro, su ware fili bayan la'asar daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hatsi ya shiga rumbu kuma zafi bai sauko ba.