Tsofaffin Gine-ginen Reluwe: Aikin Sa Kai Ba Zai Isa Ba

A cikin unguwar ma'aikatan reluwe da ke Ebute Metta a Ikko, akwai wani tsohon gidan bene da ake kira Gidan Jaekel. An gina shi a 1898, lokacin da ake shimfiɗa layin dogo daga Ikko zuwa Badun, wanda aka buɗe a 1901. Da farko babban manajan reluwe ne ke zaune a ciki, daga baya aka mai da shi masaukin manyan ma'aikata. Sunan kuwa na Francis Jaekel ne, wani Bature da ya daɗe yana aiki a reluwe, ya kuma rubuta tarihinta.

Da gidan ya tsufa ya soma lalacewa, wata ƙungiyar masu aikin sa kai ce, mai suna Legacy, wadda aka kafa a 1995, ta tashi tsaye a kansa. A 2010 ta gyara shi tare da marigayi Farfesa John Godwin, masanin zanen gine-gine. Ba su mai da shi ginin zamani ba, kamanninsa na asali suka komar masa. Yanzu ƙaramin gidan tarihi ne, inda ake nuna tsofaffin hotuna da kayan aiki da tufafin ma'aikata.

Lalle sun cancanci yabo. Amma fa gida ɗaya ne, kuma ƙungiyar sa kai ba ta da ikon hana kowa rushe kome. Abin da ya sami Ilojo Bar, wani tsohon gini kusa da dandalin Tinubu, ya isa misali. Tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, duk da haka a watan Satumba na 2016 aka wayi gari an baje shi. In ginin da doka ta tsare ya tafi haka, ina ga ƙaramar tashar da ba ta cikin kowane lissafi?

Ga shi kuma filin reluwe sai ƙara daraja yake yi. A 2021 aka buɗe sabon layin Ikko zuwa Badun, da babbar tasharsa a nan Ebute Metta, sa'an nan a 2024 Gwamnatin Jihar Ikko ta buɗe jirgin cikin gari da ke bin hanyar Agege. Jama'a na bukatar waɗannan, ba musu. Sai dai duk inda fili ya yi tsada, tsohon gini ake fara yi wa kallon cikas.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai. Jirgi ya isa Kano daga Baro a 1911, a 1912 aka haɗa layin da na Ikko. Kafin a gama gadar Jebba ma, a jirgin ruwa ake ƙetare Kwara da taragu. Ta wannan hanya gyaɗa da fatu da shanu suka yi ta gangarowa, goro yana haurawa, ta nan kuma iyaye da kakannin mutane da yawa na Agege da Sabon Badun suka sauko. Tashar Iddo ce ƙofar Ikko ga baƙon Kano. Labarin manaja da injiniya yana rubuce, amma na fatake da 'yan goro da 'yan dako yana bakin tsofaffi ne kawai, su kuwa ƙarewa suke yi.

Saboda haka ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa da hukumar kula da kayan tarihi su fitar da jerin tsofaffin tashoshin da ba za a taɓa ba, tun daga Iddo har Jebba, Zungeru, Minna, Zariya da Kano, su kuma ba ƙungiyoyin da ke son gyara izini a rubuce na shekaru masu yawa. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan goro da na dillalan shanu kuwa, ba sai sun jira gayyata ba. Wanda ke da tsohon tikiti ko hoton mahaifinsa a tasha, ko yake da tsoho a gida mai tuna tafiyar Kano zuwa Iddo, ya kai wa masu wannan aiki tun ana iya ɗauka.