Darasi Daga Lambunan Ƙasar Sin

Sau da yawa in an tashi gyaran filin makaranta ko harabar ofis, abin da akan fara yi shi ne a sare itatuwa, a share wuri fes, a ja hanya miƙe daga bakin ƙofa har gindin gini. Mai shigowa yana tsaye waje ya riga ya gama ganin kome. A ganinmu wannan hasara ce, kuma mutanen ƙasar Sin sun daɗe da gane haka.

A birnin Suzhou, yamma da Shanghai, akwai tsofaffin lambuna, yawancinsu ma'aikatan sarki ne suka gina don su huta bayan sun ajiye aiki. Mafi girmansu shi ne Lambun Ma'aikaci Mai Tawali'u, wanda Wang Xianchen ya fara wajen shekarar 1509. A 1997 hukumar UNESCO ta sa huɗu daga cikin lambunan nan cikin kayan tarihin duniya, a 2000 ta ƙara biyar.

Babbar hikimar masu tsara su ita ce ba su nuna wa baƙo lambu gaba ɗaya. A wanda ake kira Liu Yuan, mutum yakan shiga ta wani siririn lungu mai duhu-duhu, ya yi ta karkatawa, yana hango ruwa da ganye ta ƙananan tagogi masu raga. Sa'ad da ya fito sarari, sai ya ga tafkin ya fi ainihin girmansa, domin idonsa daga ƙunci ya fito. Gadojinsu ma ba su miƙe ba, gwiwa-gwiwa suke. Dole mai tafiya ya rage sauri, duk inda ya juya kuwa ya fuskanci sabon abu. Wata ƙofar kuma a kewaye take kamar wata daren goma sha huɗu, ta yanko masa dutse guda da reshen itace, sai ka ce hoto aka rataya.

Lambun Wangshi Yuan faɗinsa eka ɗaya ce da 'yan kai. Amma an ƙanƙanta gadarsa, an rage tsayin ɗakunan bakin ruwa, an ɓoye ƙarshen tafkin bayan duwatsu, har baƙo ya zaci ruwan ya zarce wani wuri.

Akwai kuma dabarar da Ji Cheng ya bayyana cikin littafinsa Yuanye, wanda ya gama a 1631, watau aron abin kallo. A Lambun Ma'aikaci Mai Tawali'u an bar sarari tsakanin itatuwa, ta nan ake hango hasumiyar wani ɗakin ibada da ke can wajen katanga, kamar a cikin lambun take. Ko anini mai lambu bai biya ba.

Wani zai ce ai wannan aikin masu hali ne, kuma Suzhou gari ne mai yalwar ruwa. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a haƙa tafki a kowace makaranta ba. Amma tushen dabarar ba ya cin kuɗi, kuma maginanmu na gargajiya sun san shi. Wa ya taɓa tsayawa a zaure ya hango tsakar gida? Sai ka wuce shigifa, ka karkata, kana gida ya buɗe maka. Mu don sutura muka yi, su don nishaɗi, amma ido iri ɗaya yake aiki ko'ina.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da akawunan da takardun gini ke bi ta hannunsu, su riƙa sa baki tun ba a ɗora gatari ba. In tsamiya ta tare hanya, a karkatar da hanyar, a bar tsamiya. In akwai dutse ko hasumiyar masallaci da ake hangowa daga aji, kada a toshe su da bango. Itacen da ya shekara hamsin yana girma, yini guda ya isa a kayar da shi, wanda ya kayar kuwa da wuya ya sha inuwar magajinsa. Allah ya sa mu gane.