Inshora Don Gyara 'Yan Ƙwaya: In Gani A Ƙasa, In Ji Kare

Wani abu da mahukuntan ƙasar nan da 'yan kanzaginsu suka ƙware a kai shi ne, duk lokacin da wata masifa ta faɗa wa talaka, maimakon su tsaya su amsa tambayar wa ya jawo ta, sai su fito da wata sabuwar haja su ce ita ce magani. Makaranta ta lalace, sai a ce a kai yaro ta kuɗi. Famfo ya ƙafe, sai a ce a sayi ruwan leda. Yanzu kuma da ƙwaya ta cinye samari har cikin karkara, shawarar da wasu 'yan boko suke bayarwa ita ce wai magidanci ya je ya yi inshorar lafiya a kamfani, in ɗansa ya kamu sai kamfanin ya biya kuɗin gyara shi. To, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Ƙasar da za a duba a yau kuwa ita ce ta Bici.

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Kano ya san ƙasar Bici, inda gona take jikin gona, gida yake jikin gida, tun daga Badume har Saye da Ɗanzabuwa da Kyalli da Fagolo. Babu sauran daji balle saura. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne suka yanka ta gado, kowa da ɗan ƙiris ɗin da ba ya ciyar da shi wata huɗu. Saboda haka saurayi sai ƙwadago a gonar wani, ko dako a kasuwar Badume, ko acaɓa. A nan ne tiramol ta samu ƙofa. Ba don nishaɗi yaro yake fara haɗiya ba, a'a, don ya yi huɗar mutum biyu a wuni ɗaya ne ba tare da ya ji gajiya ba. Daga ɗaya a koma biyu, daga biyu a koma kati guda, har ranar da zai faɗi yana farfaɗiya a bakin gona.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. A Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya, wato kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64. Waɗannan su ne ake cewa a je a yi wa inshora!

SU WA INSHORA TA SANI?

Tun 1999 aka yi dokar kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, aka ƙaddamar da shi a 2005 zamanin Obasanjo. Amma da aka yi binciken lafiya na ƙasa a 2018, sai aka tarar kashi 3 cikin 100 ne kacal na 'yan shekara 15 zuwa 49 suke da wata inshorar lafiya. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta ce inshorar ta zama dole a kan kowa. Duk da haka, zuwa ƙarshen 2024 waɗanda hukumar da kanta ta ce sun shiga ba su kai miliyan 20 ba, a ƙasar da take da mutum sama da miliyan 200. Akasarinsu kuma masu albashi ne, waɗanda ake cire musu kuɗin tun kafin ya shigo hannunsu. Manomin Bici ba shi da albashi. Kuɗinsa sau ɗaya yake zuwa a shekara, da kaka, kuma kafin ya zo bashin taki ya riga ya cinye rabinsa.

To, a ƙaddara ma ya sayar da akuya ya yi zubin. Sai a tambaya, kamfanin inshora da me yake cin riba? Amsa a fili take: da bambancin abin da ya karɓa da abin da ya biya. Ke nan mai lafiya shi ne abokin cinikinsa, mara lafiya kuwa asara ce. Shi ya sa takardar take cike da ƙananan rubutu da Turancin da ko mai digiri sai ya nemi lauya. A ciki ake cewa ciwon da mutum ya shigo da shi sai ya yi jiran watanni, ko ma ba a biyansa sam. A ciki ake yanka iyakar abin da za a kashe a shekara. A ciki kuma da yawansu suke jera shaye-shaye cikin abubuwan da babu ruwansu da su, wai don mutum ne ya jawo wa kansa.

Alhali kuwa likitoci sun tabbatar cewa kamuwa da ƙwaya ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a warke. Ciwo ne mai naci, mai son kome. Ana buƙatar a fitar da dafin daga jiki ƙarƙashin kulawar likita, sannan watanni na nasiha da bibiya, sannan sana'ar da za ta riƙe yaro kada ya koma majalisar da ya baro. Wane ɗan kasuwa ne zai karɓi kuɗin akuya ɗaya ya ɗauki wannan nauyin? Kura ce za a ba ajiyar nama?

DARASI DAGA AMURKA

Masu wannan shawara sukan kafa hujja da Amurka. To, bari a je can ɗin. A 2008 sun yi dokar da ta hana kamfanonin inshora fifita ciwon jiki a kan ciwon ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, a 2010 kuma dokar lafiya ta Obama ta sa maganin shaye-shaye cikin abubuwan da dole a biya. Kuɗi ya fito, sai ungulaye suka sauka. A Jihar Florida aka wayi gari ɗan ƙwaya mai katin inshora ya zama haja, dillalai suna karɓar la'ada a kan kowane kai da suka kawo, ana gwajin fitsari ba dare ba rana ana tura wa kamfani lissafin dubban daloli. Yaro ya warke ciniki ya ƙare, ya koma ruwa ciniki ya sabunta. Wani mai irin waɗannan gidaje, Kenneth Chatman, a 2017 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 27 da ɗoriya, bayan an tabbatar yana barin ana shan ƙwaya a gidajensa yana kuma tura matan da ke hannunsa karuwanci. Sai da majalisarsu ta yi wata doka a 2018 don hana wannan dillanci. Duk da haka, a 2021 sama da mutum 100,000 ne ƙwaya ta kashe a Amurka. In ƙasar da take da kotuna da masu bincike haka ta kasance, ina ga inda mai sa ido shi ma sai an sa masa ido?

INA AKE KAI YARAN?

A koma Bici. Ɗauki misalin magidanci wanda ɗansa ya fara sayar da buhun gero a ɓoye, ya fara ɗaga wa mahaifiyarsa murya. Zaɓinsa bai wuce uku ba. Ko ya kai shi asibitin Dawanau da ke kan hanyar shiga Kano, ya jinginar da gona don kuɗin gado da magani da mota. Ko ya ɗaure shi a ɗaki. Ko ya kai shi gidan mari. Kuma kowa ya ga abin da ke cikin wasu gidajen marin lokacin da 'yan sanda suka fasa na Rigasa a Kaduna a watan Satumban 2019, aka fito da mutum kimanin 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, sannan a watan da ya biyo baya aka fasa wani a Daura. An rufe gidaje, an ɗauki hotuna, an yi Allah wadai. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rashin wata ƙofa ce. Wanda ya rufe rijiya mai guba bai haƙa wata ba, bai kashe wa kowa ƙishirwa ba.

Sannan ita ƙwayar, a gonar wa aka shuka ta? Ba a noma tiramol a Kyalli, ba a dafa kodin a Saye. Sai da gidan BBC ya fito da rahotonsa a 2018, wanda ya nuna yadda kodin yake sulalewa daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, ya kuma nuna matasa ɗaure da sarƙa a gidan gyara hali na Ɗorayi, sannan gwamnatin tarayya ta farka ta hana yin maganin tarin da shigo da shi. A 2025 kuma wani rahoton ya bankaɗo kamfanin Aveo na birnin Mumbai a Indiya yana turo wa Afirka ta Yamma haɗaɗɗiyar ƙwaya wadda babu ƙasar da ta yarda da ita. Ta tashar ruwa take shigowa, ta kan iyaka take wucewa, ta gaban shingaye take bi har ta iso kantin ƙauye. Waɗanda aka ba amanar tsare ƙofa sun bari ta wuce, manyan dillalai sun gina benaye, sannan a juyo a ce wa uban yaro shi ne zai sayi kati ya biya kuɗin ɓarnar. Wannan ai an doke ka an hana ka kuka ke nan.

ABIN DA YA KAMATA

Babu mai cewa haɗa kuɗi don taimakon mara lafiya laifi ne. Mutanen karkara sun san gayya da adashe tun kafin a haifi mai kamfanin inshora. Bambancin shi ne, asusun taimakekeniya yana murna in ya biya, na riba kuwa yana murna in ya kuɓuce.

Don haka nauyi yana nan inda yake. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya tun dokar 2016. Ya wajaba ta sa maganin shaye-shaye cikin abin da take ɗauka, a rubuce da Hausa, ta kuma biya wa marasa ƙarfi daga asusun da dokar 2022 ta ce a ware musu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kada ta ƙare a takarda. A buɗe sashe a babban asibitin Bici, da gadaje da ma'aikatan da suka san aikin, da ɓangaren mata mai sirri, don mutanen Bagwai da Tsanyawa da Shanono su huta da jigila. Dukiyar da kotu ta ƙwace daga hannun dillalan ƙwaya a sa ta a wannan aiki, tunda da jinin yaran aka tara ta. Masu hannu da shuni da Hukumar Zakka da Hubusi su ma su tuna cewa matashin da aka ceto daga ƙwaya, gida guda aka ceto.

Su kuma iyaye, duk wanda aka zo masa da takardar inshora, kada ya sa hannu ko ya dangwala sai an karanta masa an nuna masa layin da ya ce za a biya kuɗin maganin shaye-shaye, na kwana nawa, a wane asibiti. In babu, ya riƙe akuyarsa.

Allah Ya shiryi matasan Musulmi, Ya isar wa iyayensu a kan duk wanda ya mayar da hawayensu abin ciniki. Wassalam.