Ko akwai rai a duniyoyin duwatsu da ke dab da ranarsu?

A Kurawa da ke ƙaramar hukumar Sabon Birni a jihar Sakkwato, kamar sauran ƙasar Gobir, masu fita sallar asuba sun san Gamzaki, tauraron nan mai tsananin haske da kan ɓullo ta gabas kafin fitowar rana.

Masana kimiyya sun ce Gamzaki da Zara abu ɗaya ne: wata duniya ce ta duwatsu da ake kira Zuhura, wadda girmanta ya kusa kai na tamu, sai dai ta fi mu kusa da rana.

Daga kanta ne muhawara kan ko rai zai yiwu a irin waɗannan duniyoyi ke farawa.

Zafin Zuhura

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos a yankin Sabon Birni da Isa. A doron Zuhura kuwa yakan kai kusan digiri 465, abin da ya isa ya narkar da dalma.

Kumbon Venera 13 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ya sauka can a 1982, minti 127 kawai ya yi yana aiko da bayanai kafin ya daina aiki.

Masana sun ce ba kusanci da rana kaɗai ya haddasa haka ba, domin duniyar Makyuri ta fi Zuhura kusa da rana, amma ba ta kai ta zafi ba. Iskar kabon mai kauri da ta lulluɓe Zuhura ce ke tsare zafin.

A watan Satumban 2020, wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Jane Greaves ta Jami'ar Kadif a Birtaniya ta ce ta ga alamun iskar fosfin a gajimaren Zuhura, iskar da a duniyarmu ƙananan halittu ke samarwa.

Sai dai wasu masanan sun musanta sakamakon, suna kuma nuni da cewa gajimaren cike yake da sinadari irin na ruwan batir.

Duniyoyi bakwai

Daga nan hankali ya ƙara komawa ga duniyoyin da ke kewaya wasu taurari, domin kowane tauraro rana ce a nasa wurin.

A watan Fabrairun 2017, Michaël Gillon na Jami'ar Liège a Beljiyam da abokan aikinsa sun bayyana gano duniyoyi bakwai na duwatsu a kewayen tauraron TRAPPIST-1, wanda haskensa ke ɗaukar kimanin shekara 40 kafin ya iso nan.

Tauraron ƙarami ne, ja, wanda bai kai ranarmu zafi ba. Don haka duniyar da za ta sami ɗumin da ruwa ke buƙata, dole ta matso dab da shi.

Matsowar tana da nata lahani. Ana kyautata zaton gefe ɗaya na kowacce daga cikin duniyoyin kullum rana ce, ɗaya gefen kuma kullum dare. Haka nan irin waɗannan taurari kan yi aman wuta da zai iya share iskar duniyar da ke kusa.

Abin da Webb ya gani

Madubin hangen nesa na James Webb, wanda ya ci kimanin dala biliyan 10, aka kuma harba shi ranar 25 ga Disamban 2021, ya fara bayar da amsa.

A 2023 ya auna zafin kusan digiri 230 a TRAPPIST-1 b, wadda ke kammala kewaya tauraronta cikin kwana ɗaya da rabi, kuma alamu sun nuna ba ta da iska mai kauri. Maƙwabciyarta, TRAPPIST-1 c, ita ma ba a ga irin wannan iska a kanta ba.

Sakamakon farko kan TRAPPIST-1 e, wadda aka fi sa rai a kanta, ya fito a Satumban 2025, amma bai raba gardama ba.

Masu kyakkyawan fata na kafa hujja da cewa an sami ƙananan halittu daga ƙarƙashin teku da ke iya hayayyafa a zafin digiri 122. To amma ko su ba sa rayuwa sai da ruwa, shi kuwa ruwa ba ya zama a doron duniyar da ba ta da iska.

Muhimmancin batun shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin da ke rukuninmu irin waɗannan jajaye ne. Idan ta tabbata suna share iskar duniyoyinsu, to wuraren da za a nemi rai sun ragu matuƙa.

Ita ma Zuhura ba a yi watsi da ita ba. A 2024 Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai ta amince da ƙera kumbon EnVision, da nufin harba shi a 2031, domin gano dalilin da ya sa makomarta ta sha bamban da ta duniyarmu.