Sabon Birni, Amma Wanne?

A ƙasar Rasha akwai birane biyu masu suna Novgorod, kalmar da a harshensu take nufin sabon birni. Ɗaya tsohon gari ne a arewa maso yamma, ɗayan kuma an kafa shi a 1221 a bakin kogin Volga. Don gudun rikicewa, na bakin Volga ake kira Nizhni Novgorod, wato na gangare, a 1999 kuma hukuma ta ƙara wa tsohon kalmar Veliki, wato babba. Ƙauyuka masu suna Ivanovka da Aleksandrovka kuwa ɗaruruwa ne, shi ya sa adireshi a can ba ya cika sai da sunan jiha da na gunduma da lambar gidan waya mai alƙaluma shida.

Mu ma a ƙasar Gobir muna da wannan matsala, maganinta ne muka yi wa riƙon sakainar kashi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. A yau akwai wani Sabon Birnin a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, akwai wani kusa da Gaya a Nijar. Tsibiri ma biyu ne a Nijar, na Maraɗi da na jihar Doso. Satiru ta ƙasar Isa daban take da Satirun kusa da Sakkwato, wadda Turawa suka rushe a 1906. Kada ma a yi maganar Sabon Gari da Tudun Wada da Sabon Gida, domin duk wanda ya sari daji ya kafa bukka, sunan da ya fi kusa da bakinsa yake raɗa wa wurin.

A zamanin lumana abin bai wuce ɓatan wasiƙa ba. Yau da 'yan bindiga suka addabi Isa da Sabon Birni, suna ya zama maganar rai. Idan rediyo ya ce an kai hari Sabon Gari bai ƙara komai ba, ɗan ci-rani a Legas da ɗaliba a Zariya za su kwana suna buga wayar da ba ta shiga, kowa na zaton garinsu ne. Jami'in da aka kira cikin dare zai ɓata lokaci yana tambayar wanne, kayan agaji kuma na iya sauka inda ba nan aka yi ɓarnar ba. Har sarauta ba ta tsira ba. A watan Agustan 2024, da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga, jaridu da dama Sarkin Gobir kawai suka sa a kanun labarai, alhali akwai masu riƙe da wannan sarauta a Isa da Gwadabawa da Tsibiri.

Magabata ba su bar mu haka ba. Su suka ce Birnin Kabi da Birnin Ƙonni da Birnin Kudu, suka ce Sabon Birnin Gobir da Tsibirin Gobir. Kowane suna sun ɗaura masa linzami, mu ne muka tuɓe shi saboda gaggawa. Babu buƙatar sauya wa kowane gari suna, domin suna tarihi ne, kuma ba wanda zai yarda a raba shi da na kakansa.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Ɗan jarida ya riƙa cika suna: Kamarawa, ƙaramar hukumar Isa, jihar Sakkwato. Ƙananan hukumomi su zauna da hakimai da dagatai su rubuta sunan kowane ƙauye da mazaɓarsa, inda biyu suka yi karo a ƙara wa kowanne laƙabin da mutanen wurin suka riga suka san shi da shi, a miƙa jerin ga jami'an tsaro da asibitoci da gidajen rediyo. Ɗalibanmu na nazarin ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatu. Wanda ya kira neman ɗauki da tsakar dare ba shi da lokacin amsa tambayar wane Sabon Gari yake nufi.