Kafin ka sayi kibod mai makunni, tambayi yatsanka

Yau maganar kibod na zo da ita, wato allon da muke buga rubutu da shi a kwamfuta. Na san wani zai ce ai wannan hirar 'yan gayu ce. To amma duba ka gani, samarinmu nawa ne a Agege da Shagamu da Fatakwal suke cin abinci da kwamfuta yanzu? Ni kaina tun da na gama sakandare nake aiki a wani shagon buga takardu kusa da Mokola, da dare kuma ni ke shigar wa Baba lissafin goronsa. Kibod a wurina kamar almakashi ne a wurin tela.

Bari in fara da asarar da na yi, don kada wani ya maimaita ta.

Bara na yi wata uku ina tara kuɗi don in sayi irin kibod ɗin nan da kowane maɓalli yake da nasa makunni a ƙarƙashi, wanda masu sayarwa ke kira suwic. A bidiyo na gan shi, na ji ƙararsa ta burge ni, na aika aka kawo mini mai shuɗin makunni. Ɗaki ɗaya muke kwana da Yayana da ƙanena, kuma Yaya tun kafin asuba yake fita zuwa kasuwar Bodija. Daren farko, ban cika shafi guda ba ya yaye bargo ya ce, "Kai, wai keken ɗinki ka shigo mana da shi ɗaki ne?" Dare na uku ya ce ko ni ko kibod ɗin, ɗaya zai kwana a waje. Akwai aikin wata ɗaliba a hannuna, shafi sittin, wanda na yi alkawarin gamawa cikin kwana biyu da nufin in yi rabi a gida. Ban gama ba, ta karɓe aikinta, ba ta sake dawowa shagon ba. Kibod ɗin kuma na sayar da shi ƙasa da yadda na saya.

Da na gaya wa Baba, tambaya ɗaya ya yi mini: "Da za ka saya, ka taɓa shi?" Na ce a'a Baba, a waya na gani. Ya ce shi tun yana saurayi yake sayen goro a Shagamu, bai taɓa biyan kuɗin huhu ba sai ya kwance ya tsaga ɗaya ya ɗanɗana. Bai ƙara komai ba, ni ma ban ce komai ba.

Daga nan ne na zauna na koyi abin da ya kamata in koya tun farko.

Makunnai iri uku ne. Akwai mai santsi, irin su Cherry MX Red, wanda yake sauka daga sama har ƙasa ba tare da wani cikas ba. Akwai mai ƙara, irin shuɗin da ya haɗa ni da Yaya, wanda aka yi masa wani abu a ciki musamman don ya riƙa yin ƙas-ƙas. Sai na uku, wanda shi ne maganarmu ta yau, mai tudu. Idan ka danna shi za ka ji ya ɗan turje kafin ya wuce, kamar tudun da ake yi a titi don mota ta rage gudu. Wannan turjiyar ita ke gaya wa yatsanka cewa harafi ya shiga ko yana gab da shiga, ba sai kunne ya ji ba. Ga mai buga takardu wannan babban abu ne, domin idonka yana kan rubutun hannun da kake kwafa, yatsa ne kawai zai gaya maka ko ka tsallake harafi.

Sai dai masu tudun ma ba ɗaya suke ba, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Da abokaina biyu muka haɗa kuɗi muka sayi 'yan ƙwayoyi daga kowane iri, na jera su a kibod na yi aiki da su na makonni. Ga abin da na gani.

Na farko Cherry MX Brown, na kamfanin Cherry na Jamus, wanda ya fito tun 1994. Tudunsa ƙarami ne, ƙarfin da ake buƙata a haye shi kamar giram 55 ne, harafi yana shiga a milimita 2, maɓallin kuma yana kai ƙasa a milimita 4. Sai ka ɗan sauka kaɗan kafin ka tarar da tudun. Idan kana gudu sosai, wani lokaci da ƙyar za ka ji shi. Shi ya sa masana kibod suke yi masa ba'a, suna cewa ja ne da yashi ya shiga cikinsa. Kamfanonin Sin irin su Gateron da Outemu suna yin nasu mai ruwan ƙasa a kan wannan ƙirar. Na Gateron ya fi laushi a hannuna, na Outemu kuma shi aka fi samu a kibod masu araha da ke kasuwanninmu.

Na biyu Cherry MX Clear. Tudunsa ya fi na Brown girma, kamar giram 65, kuma sifirin ɗinsa yana ƙara tauri sosai idan ka doshi ƙasa. Wanda ya saba dukan kibod da ƙarfi zai ji daɗinsa, domin yana tare yatsa kafin ya bugi ƙasa. Ni dai ɗan ƙaramin yatsana bai yafe masa ba.

Na uku Kailh Box Brown. Tafiyarsa ta fi gajarta, milimita 3.6, harafi yana shiga a 1.8, kuma tudunsa ya fi na Cherry fitowa fili. Abin da ya fi jan hankalina shi ne an rufe wayoyin da ke haɗuwa a cikin wani ɗan akwati, kamfanin ya ba shi matakin kariya na IP56 daga ƙura da fantsamar ruwa. Duk wanda shagonsa ke bakin titi ya san abin da ƙurar hunturu take yi wa kayan lantarki a Disamba da Janairu. Amma a kula, makunnin ne aka kare, ba dukan kibod ɗin ba, kada wani ya zuba masa shayi ya ce ni na gaya masa.

Na huɗu su ne manyan da ake yayi: Holy Panda, Zealios V2, Durock T1 da Boba U4T. Waɗannan tudunsu tun daga sama yake farawa, kana taɓawa za ka ji ya tokare, sai ka tura ya faɗa gaba ɗaya. Holy Panda asalinsa haɗin gambiza ne, masu sha'awa suka ciro ƙashin tsakiya na makunnin Halo suka sa a kwanson Invyr Panda, daga baya kamfanoni suka fara yin irinsa. Zealios V2 ana samunsa a nauyi huɗu, giram 62 da 65 da 67 da 78, Boba U4T kuma 62 da 68. Holy Panda da U4T ƙashinsu dogo ne, yana bugun ƙasan kwanson, don haka suna da amo mai kauri. Wannan amon shi ne ake sayar mana a bidiyo.

Na biyar su ne masu tudu marasa ƙara, irin su Boba U4 da Zilent. An sa musu 'yar roba a jikin ƙashin wadda take shanye bugun sauka da na dawowa. Tudun yana nan da girmansa, ƙarar ce ta ragu ƙwarai. Illarsu ita ce ƙasan yana da ɗan taushi, kamar kana taka tabarmar roba, kuma akwai waɗanda ba sa son haka.

Akwai wani ruɗani game da lambobin nan da ya kamata a sani. Giram 55 na Cherry Brown ƙarfin haye tudu ne, amma giram 62 ko 67 da ake rubutawa a jikin su Zealios da Boba nauyin sifirin ne idan ka danna har ƙasa. Ma'auni biyu ne daban, kamar a ce wani yana awo da mudu wani da tiya. Wanda ya jera lambobin ya zaɓa da ido zai ruɗi kansa. Haka ma launi. Ruwan ƙasa na wannan kamfani da ruwan ƙasa na wancan suna iya shan bamban a ƙarƙashin yatsa.

To yanzu ga ra'ayina, kuma na san wasu abokaina ba za su so shi ba. Ga wanda yake buga rubutu don neman abinci, manyan makunnan da ake yayi ba su ne mafi alheri ba, kuma Brown ɗin da ake raina wa bai cancanci rainin ba.

Dalilina lissafi ne. Shafi guda mai kalmomi 400, idan ka haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi, dannawa ce kusan 2,400. Ranar da aiki ya yi yawa nakan buga shafi 30, wato dannawa wajen 72,000. Tudun da yake da daɗi a minti biyar na gwaji, hawansa sau dubu saba'in wani labari ne. Makon da na sa U4T a layin tsakiya, da safe ina jin daɗinsa kamar me, amma bayan la'asar bayan hannuna ya fara tsami, kuskurena kuma ya ƙaru a haruffan da ƙaramin yatsa yake dannawa. Mai bidiyo jimla uku yake bugawa ya kashe kyamara, ni kuwa sai magariba nake tashi.

Dalili na biyu kuɗi. Ba ƙwaya ɗaya ake saya ba. Cikakken kibod maɓallai 104 gare shi, wanda ba shi da ɓangaren lambobi 87, ƙaramin kuma 61. Duk ɗan bambancin farashin da ka gani a ƙwaya ɗaya, ka ninka shi sau ɗari, sannan ka tuna da dala ake shigo da kayan nan. Makunnai masu tsada kaɗai suna iya fin kibod ɗin da za a sa su a ciki kuɗi.

Wani abokina da ke aiki a Ikeja ya ce mini ai wannan son araha ne kawai, wanda ya ɗanɗani babban tudu ba ya komawa Brown. Akwai gaskiya a maganarsa. Idan hannunka mai nauyi ne, kana yawan danna harafin da ba ka yi niyya ba, babban tudu zai rage maka kuskure, domin yatsa ba ya faɗawa sai da niyya. Kuma idan awa ɗaya ko biyu kake rubutu a rana, gajiyar da nake magana ba za ta same ka ba, ka sayi abin da ranka yake so. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da abin da ya dace da mai nishaɗi ya zama doka a kan mai sana'a, har yaro ya ci bashi don ya sayi Panda saboda kada a yi masa dariya.

Saboda haka ga shawarata ga ɗan uwan da yake shirin saya.

Ka fara duba inda za ka yi aiki da shi. Yawancinmu a nan ɗakin haya muke, bango ɗaya tsakaninmu da maƙwabci, wani ma labule. Idan da dare za ka yi aiki, mai tudu marar ƙara shi ne zaman lafiya. Idan shago ne a bakin titi, inda janareto ya riga ya cika kunne, ƙara ba matsala ba ce, ƙura ce matsala, sai ka duba Box Brown.

Sannan ka sayi kibod wanda ake cire makunninsa a sa wani da hannu, ba wanda aka liƙe da dalma ba. Da a ce irinsa na saya bara, da makunnan kawai zan canza, ba sai na sayar da kibod ɗin da asara ba. Amma ka tambaya da kyau, domin wasu masu arahar ramukansu ƙanana ne, sai makunnai masu siririyar ƙafa irin na Outemu suke shiga. Ka kuma duba ko mai ƙafa uku yake karɓa ko mai biyar. Mai ƙafa biyar ana iya datse masa ƙafafun roba biyu ya shiga gurbin mai uku.

Na ƙarshe, kada ka sayi ɗari kafin ka gwada goma. Ka sa su a haruffan da ka fi dannawa, ka yi aikin yini guda cur, ka ji abin da hannunka zai ce maka da yamma. Idan kuɗin gwajin ya yi maka yawa, ku haɗu ku uku kamar yadda muka yi, ƙwayoyin su zagaya.

Ni yanzu Box Brown ne a kibod ɗin shago, nawa na gida kuma mai maɓallai 87 ne da Boba U4 mai giram 62, tun da a gida aikin awa biyu ne kawai. Jiya har ƙarfe ɗaya na dare ina shigar da lissafin huhunan da Baba ya aika Kano, Yaya yana ta minshari bai ko juya ba.

Allah ya sa mana albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu daga sayen abin da ba mu taɓa ba.