Ina Tsarabar 'Yan Sa-kai?

Lokaci-lokaci akan ga wani irin hoto a jaridu: maza da mata sun jeru a wani zaure a Abuja, wani babban jami'i yana yi musu jawabin bankwana, yana gargaɗinsu da su zama jakadu nagari. Kwana kaɗan bayan haka sai su ɗauki akwatunansu su nufi filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, wasu su yi Gambiya, wasu Yuganda, wasu kuwa sai can tsibiran da ko sunansu ba kowa ya taɓa ji ba. Daga nan labarinsu ya ɓace. Bayan shekara biyu su komo, a sake ɗaukar hoto, a watse.

Waɗannan su ne 'yan sa-kai na shirin da ake kira TAC, watau rundunar masu kai gudummawar ilmi da ƙwarewa ƙasashen waje. An kafa shi a shekarar 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, sa'ad da Farfesa Bolaji Akinyemi yake Ministan Harkokin Waje, aka kuma ƙarfafa shi da doka mai lamba 27 ta 1993. Tun Gwamnatin Tarayya tana Ikko aka fara shi, yanzu hedkwatarsa tana Abuja, kuma a 2023 aka naɗa Yusuf Buba Yakub, tsohon ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Adamawa, ya shugabance shi. Dalilin kafa shi ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1970, da kuɗin mai ya yi yawa, Nijeriya ta riƙa ba ƙasashe taimakon tsabar kuɗi, abin da ba ya barin sawu. Da aljihu ya yi sanyi sai aka ga gara a aika da mutum, malami ko likita ko ma'aikaciyar jinya ko injiniya, ya zauna cikin jama'a su san shi ya san su. Nijeriya ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da ta karɓi baƙon kuwa ta ba shi masauki.

Kafin nan ƙasar nan karɓa take yi, ba aikawa ba. Dattawan da suka yi sakandare a shekarun 1960 suna tune da samarin Turawa na ƙungiyar VSO ta Ingila, wadda aka kafa a 1958, da na Peace Corps ta Amurka, wadda Shugaba Kennedy ya kafa a 1961. Wasu daga cikinsu sun koyi Hausa har da karin magana, sun ci tuwo da hannu, sun bar abokai. Amma akwai wani abin da ya faru a watan Oktoba na 1961 wanda ya kamata a riƙa karanta wa duk mai shirin tafiya. Wata budurwa Ba'amurkiya da ake horarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta rubuta wa wani abokinta kati, tana bayyana yadda talauci da ƙazantar gari suka girgiza ta. Katin ya faɗi kafin ya kai gidan waya, ɗalibai suka tsinta, suka buga kwafinsa suka rarraba, hankali ya tashi, dole ta bar ƙasar. Ba lalle ne ta yi nufin cin mutunci ba. Abin da ya same ta shi ne ta zo da idon mai koyarwa kawai, ba ta riga ta buɗe na mai koyo ba. Yau kuwa, da kowa ke da waya a hannu, irin wannan kati ba ya ma bukatar faɗuwa ƙasa kafin duniya ta karanta shi.

To, mene ne ɗan Nijeriya ke koyowa in ya buɗe idon nan na biyu?

A ɗauka cewa an tura wani malamin lissafi Bakatsine zuwa Zanzibar, tsibirin kanumfari. Ranar farko a ce masa ya zo makaranta "sa'a biyu", ya yi zaton ƙarfe biyu na rana ake nufi, alhali kuwa masu jin Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙidayar lokaci, sa'a biyu ita ce ƙarfe takwas na safe. Wannan ya ɗaure masa kai. Amma da ya shiga kasuwa sai ya ji kamar ya koma gida: ishirini, arobaini, hamsini, sai ka ce ashirin da arba'in da hamsin ne suka sake riga. Labari habari ne, sabulu sabuni, duniya dunia, Alhamis kuwa Alhamisi. Ba wanda ya ara daga wani. Dukkansu a rijiya ɗaya suka ɗebo, watau Larabci, Bahaushe ta hanyar raƙuman Sahara, Basuwahile ta jiragen ruwan tekun Indiya. Mutumin da ya gano haka da kunnensa, a gaban mai sayar da kwakwa, ya sami darasin tarihi wanda ba a manta shi. In azumi ya riske shi can, maƙwabta ba za su bar shi ya sha ruwa shi kaɗai ba, kuma galibi a kan irin wannan tabarma ce abota take farawa, ba a ofis ba.

Wanda aka kai Habasha zai tarar da shekara mai wata 13, da gurasar injera mai tsami, da gahawa wadda ake sha zagaye uku, wanda ya tashi bayan na farko ya yi rashin ladabi. Na Gambiya kuwa, in Bafulatani ne daga Yola, zai iya tsintar gaisuwa da 'yan kalmomi a bakin Fulanin can ko da karin harshen ya bambanta, sa'an nan ya shiga gardamar da ba ta ƙarewa a kan wa ya fi iya dafa-duka. Jami'ar Musulunci da ke Mbale a Yuganda ta daɗe tana karɓar malamai ta wannan shiri.

Abin ya fi ban mamaki a wurare masu nisa. A ƙauyukan Fiji, can tsakiyar tekun Pasifik, baƙo ba ya shiga gari sai ya gabatar wa sarki da saiwar wani tsiro da suke jiƙawa su sha, kamar yadda ake kai goro a nan. Har nan Bahaushe ya gane hanya. Sai dai a wurinsu sa hula a cikin ƙauye raina sarki ne. Mutumin da tun yana yaro aka koya masa cewa zuwa gaban manya ba hula rashin kunya ne, sai ga shi dole ya tuɓe ta domin girmama manya. Ƙaramin abu ne, amma wanda ya taɓa tuɓe hularsa saboda ladabi, da wuya ya dawo gida ya ce duk wanda al'adarsa ta saɓa da tasa ba shi da tarbiyya. A Jamaika kuma zai ga makarantar da ake kira Calabar a birnin Kingston, da wani wuri mai suna Abeokuta, ya ji labarin Abubakar as-Siddik, haifaffen Tambutu, wanda aka bautar a tsibirin, yana riƙe wa ubangidansa lissafi da rubutun Larabci, har ya sami 'yanci a 1834. Baƙon da ya zo koyar da kimiyya sai ya tarar ashe zumunta ya zo sadarwa.

Kada a ɗauka duka daɗi ne. Akwai kewar iyali, akwai abincin da ciki ya ƙi, akwai kuma kallon zargi da koren fasfo yakan jawo wa mai shi a wasu wurare saboda laifin da wasu suka yi. Har wa yau akwai masu sukar shirin tun daga tushe, suna cewa ina dalilin aika likita wata ƙasa alhali asibitocin karkara a nan ba su da shi? Maganarsu tana da nauyi, ba a ture ta da hannu ɗaya. Amsar da za a iya ba su ita ce, likitan da ya tafi ta wannan hanya aro aka bayar na shekara biyu, ba kamar dubban da ke ficewa Ingila da Saudiyya da kansu ba, waɗanda ba wanda ya san ranar komowarsu. Amma amsar ba ta tsayawa sai in aron ya dawo da riba, kuma an karɓi ribar.

Nan ne gizo ke saƙa. Malam Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ziyara ce ta ɗan lokaci, amma ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka karanta a makarantu. Su kuwa waɗannan, shekara biyu cur suke yi, suna koyon harshe, suna halartar biki da jana'iza, ɗalibansu na dā wasu sun zama manya a ƙasashensu. Duk da haka da wuya mai neman littafi ya ci karo da labarin ɗayansu da Hausa. Ɗan kasuwar Kano da ke son kai kaya Banjul ko Kampala bai san cewa a unguwarsu akwai wanda ya san garin ciki da bai ba. Ɗalibar da ke gama hidimar ƙasa a Sakkwato ba ta taɓa jin wata ta tsaya gabanta ta ce na je, ga abin da na gani ba, balle iyayenta su saki jiki su bar ta ta nema.

Gyaran bai fi ƙarfin ofishin Abuja ba. Ya riƙe sunayen waɗanda suka dawo, da ƙasar da kowa ya zauna, da harshen da ya iya, yadda Ma'aikatar Harkokin Waje da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya nemansu. Ya sa kowane ayari ya rubuta abin da ya gani, ban da rahoton da ake jefawa cikin fayil, a fassara shi cikin harsunan ƙasa. Gidajen rediyon jihohi kuma su gayyace su. In lokacin ɗaukar sababbi ya zo, a yi sanarwar da Hausa ma, a kuma tura tsofaffin 'yan sa-kai sansanonin masu hidimar ƙasa da kwalejojin horon malamai na Zariya da Kano da Katsina, su yi bayanin takardun da ake bukata, da yawan shekarun aikin da ake so mutum ya yi kafin ya nema, da abin da zai tarar in ya sauka daga jirgi.